Yanda muka sha fama kafin mu samo wa yarona takalmin siki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin, musamman dan iyaye 'yan uwana da Allah ya jefo mu ƙasashen sanyi da yara a hannu. Ni 'yar Kano ce, tun 2018 muke zaune a Insburuk, babban birnin jihar Tirol a ƙasar Ostiriya, aiki ne ya kawo Abban yara muka biyo shi. Garin a tsakiyar duwatsu yake, duk titin da ka tsaya ka ɗaga kai sai ka ga jerin dutsen da ake ce wa Nordkette a kanka fari fat da ƙanƙara, kuma sau biyu ana yin gasar Olamfik ta hunturu a nan, 1964 da 1976. Toh a gari irin wannan, wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da ake ce wa siki ba wasan masu kuɗi kaɗai ba ne yanda nake zato da can, kamar ƙwallo yake a wajen yaranmu na gida, yaro ɗan shekara 3 ko 4 zaka gani an ɗaura masa dogayen katakon siki a ƙafa yana gangarowa. Makarantu ma suna fita da yara, har akwai sati guda cur da ake kai 'yan aji dutse su kwana can, Wintersportwoche suke ce masa.

Yaron da nake magana a kai ɗan farina ne, kun san ba na kiran suna, dan haka yarona kawai zan rinƙa cewa. Allah ya yi shi da ƙafa, gadon kakansa na wajen uba ne. Yana shekara 11 yana sa lamba 43, kafin ya cika 12 ya shiga 44, alhali jikin ba wani jiki ba, siriri ne, kilo 44, ƙwaurin nan kamar sillen kara. Ƙafar manya a jikin yaro kenan. Kuma ƙafar mai faɗi ce, tana da tudu a sama. Takalmin makaranta da na ƙwallo bamu taɓa samun matsala ba, ɓangaren maza manya kawai muke shiga mu ɗauka. Shiyasa ban taɓa kawowa a raina na siki zai zama wani abu daban ba.

Ni yanda na tashi na ga ana sayen takalmin yara, idan sallah ta matso mahaifiyarmu zata karyo tsinken tsintsiya ta auna ƙafar kowa, ta ƙara kamar faɗin yatsa biyu, a ba babanmu ya tafi Sabon Gari da tsinkayen a aljihu. Takalmi ya yi maka yawa ba laifi ba ne, a cusa takarda ko tsumma a gaba, baɗi ka cike shi. Wanda ya matse shi ne asara. Da wannan tunanin na zo ƙasar nan, kuma da shi na cuci ɗana ba tare da na sani ba.

A Fabrairun 2023 aka yi musu fita ta kwana 3, kullum a je a dawo. Muka je wani shagon haya, layi har waje, wani matashi ya tambayi lambar takalminsa nace 43, ya shiga ya fito yace na yara sun ƙare a ƙasa da haka sai dai na manya. Ya kawo ɗaya yaron yace ya matse shi a gefe, sai ya koma ya kawo wanda ya fi shi da lamba biyu. Ƙafa ta shige sulul, yaro yace ya yi, ni kuma har daɗi na ji dan nace ga wurin safa biyu. Washegari da asuba na sa masa safar auduga, na ɗora masa wata mai kauri a kai, na cusa dogon wandon ciki a cikin takalmin dan kar sanyi ya shiga. Duk abun da ba a yi, shi na yi, da niyyar alheri.

Kwana ukun nan bai ce min komai ba. Yana dawowa zai ce ya gaji ya shige ɗaki. A rana ta huɗu ne da magariba na lura da shi yana sallah, idan zai yi sujada baya kafa yatsun ƙafar dama, sai ya ɗage ta, zaman tahiya ma a karkace yake yi. Da ya sallame nace zo nan, cire safar. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Wallahi da na ga ƙafar sai da jikina ya yi sanyi. Farcen babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, jini ya kwanta a ƙasa, ɗayan ma ya fara shuɗi, dunduniya duka biyu sun yi bororo har ɗaya ya fashe, ƙwaurinsa kuwa ko taɓawa baya so a yi, ga sawun ɗinkin wandon nan ya zauna raɗam a fatar. Nace me ya hana ka faɗa min tun ranar farko? Yace Umma na ga kuɗin da kuka biya, kuma kowa a ajinmu yana yi babu mai ƙorafi, na ɗauka haka takalmin yake, ni ne ban iya ba.

Wannan maganar ta tsaya min a rai har yau. Yaro ne mai kawaici, mu muka koya masa, muna kuma alfahari da hakan, amma ranar na ga inda kawaici yake cutarwa. Farcen daga baya ya fita gaba ɗaya, sai da ya yi watanni kafin sabo ya tsiro ya rufe.

Daga nan ya ce shi baya son siki, nima ban matsa ba, dama a raina tsoro nake kar ya karye. Sai ga takarda daga makaranta a farkon zangon kaka, wai a Janairun 2024 ajinsu zasu tafi satin nan na dutse, a sa hannu. Ya kawo min yace in rubuta ba zai je ba. Na kusa rubutawa. Abbansu ne yace a'a a bari a kwana biyu, ya zaunar da shi bayan isha'i suka yi magana ta maza, a nan ya faɗi gaskiya, wai yana so, abokansa har sun raba ɗakunan kwana sun sa shi a nasu, takalmin ne yake tsoro, kuma ranar haya wani yaro ya yi masa dariyar ƙafa. Wanda bai je ba zai zauna a wani aji daban sati guda shi kaɗai yana jiran su dawo da labari. Yaron da dama shi kaɗai ne baƙar fata a ajin. Nace in sha Allahu zaka je, kuma da takalmin da ya dace da kai.

Nan fa aka fara yawo. Manyan shagunan kayan wasanni biyu muka shiga, duk magana ɗaya. A nan na fara jin cewa takalmin siki ba da 43 ko 44 ake auna shi ba, da tsawon ƙafa ne a santimita, Mondopoint suke kiran ma'aunin. Aka auna shi 28.3, dan haka 28 ko 28.5 zai sa. Na yara kuma yawancinsu a 26.5 suke tsayawa, kaɗan ne suke kai 27.5. Akwai wasu na yara 'yan tsere da suke kaiwa babba, an kawo mana ɗaya, amma su matsattsu ake yin su, faɗin 97 ko 98 milimita, ƙafar yarona ko shiga bata yi ba balle a rufe. Na manya kuma da ya sa sai ya tsaya ƙiƙam kamar an zuba masa siminti, ga wuyan takalmin ya haura har tsakiyar sha-raɓarsa.

Da na gaji sai na koma Willhaben, manhajar da ake saida kayan gwanjo a nan. Na ga wani ja mai kyau 28.5, mai shi yace sau kaɗan ya sa, kuɗin kuma ko rabin rabin na sabo bai kai ba. Na je na karɓo ina murna. Allah ya taimake ni da maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Tirol da muke gaisawa a matakala, ta ganni da shi a hannu ta karɓa ta juya, ta nuna min lamba 120 a gefe. Tace wa zai sa? Nace yarona. Ta girgiza kai tace wannan na ƙaton namiji ne da ya ƙware, ɗanki ko ya hau kai da duka jikinsa ba zai lanƙwasa shi ba. Ita ta rubuta min kwatancen wani ƙaramin shago a wani ƙauye kusa da gari, tace ki kira ki ɗauki lokaci, ki je da yamma, kuma ki tafi da safar da zai yi wasan da ita. Araha dai bata ado, ja ɗin nan daga baya na mayar na saida shi.

Mutumin da muka samu dattijo ne, aikinsa kenan daidaita takalmi da ƙafa. Abun da ya fara burge ni, bai tambayi lamba ba, kuma bai fara da ni ba, da yaron ya fara. Yace cire safa ka tsaya. Ya auna ƙafa biyun a tsaye, tsawo da faɗi, ya zagaya tef ta kan tudun ƙafar zuwa dunduniya, ya auna kaurin sha-raɓa, ya ɗora shi a sikeli, ya tambaye shi a wane irin gangare yake iya sauka. Ya ga farcen da bai gama dawowa daidai ba ya taɓa yace takalmi ya maka yawa ko? Ni na ɗauka matsewa ce take kashe farce. Yace a siki yawanci akasin haka ne, idan takalmi ya yi yawa ƙafar tana zamewa gaba da baya a ciki, duk tsayawar da ya yi yatsu su daki gaba, dunduniya tana ɗagawa tana goguwa, ƙwauri yana bugun harshen takalmin. Sai yaro ya rinƙa ƙanƙame yatsunsa dan ya riƙe, ko ya matse maɓallan sama har jini ya kasa zagayawa, ƙafa ta yi sanyi. Safa biyu kuma tana naɗewa ta ƙara gugar, ta auduga tana riƙe gumi ta jiƙe. Safa ɗaya ce tak, siririya, doguwa har gwiwa, ta ulu ko irin ta siki, kuma babu abun da zai shiga cikin takalmin sai ita, wandon ciki a tsayar da shi a sama. Ina zaune ina jin kamar ya ga abun da na yi da idonsa, amma bai nuna min yatsa ba ko kaɗan.

Sannan ya yi wani abu da babu wanda ya yi mana a duk yawon nan. Ashe takalmin biyu ne a haɗe, akwai ƙoƙon roba mai tauri a waje, akwai mai laushi mai soso a ciki da ake zarewa. Ya zare na cikin, ya sa yaron ya zura ƙafa a ƙoƙon kawai, ya matso da yatsu har su ɗan taɓa gaba, sai ya haska bayan dunduniyar da tocila ya kira ni in gani. Yace sararin nan ake dubawa, santimita 1.5 zuwa 2, kamar yatsa ɗaya da rabi zuwa biyu, idan ya wuce haka ya yi yawa. Dalili shi ne soson ciki yana lotsawa bayan 'yan kwanaki, takalmin da ya yi maka daɗi kamar silifas a shago zai zama kwale-kwale a kan dutse. Ya kuma gaya min 28 da 28.5 a yawancin kamfanoni ƙoƙo ɗaya ne, kar in wahalar da kaina a kan rabin lamba. Nace toh ai yaro ne yana girma, ba a ɗan ƙara ba? Yace mun bar masa iyakar da za a iya bari, fiye da haka kuma kin ga abun da ya faru da farcen.

Maganar faɗi ma ya warware min. Ana rubuta shi a milimita, 98 matsattse, 100 tsaka-tsaki, 102 zuwa 104 ko sama mai faɗi. Kuskuren shagon hayan nan shi ne yaron yace ya matse shi a gefe, maimakon a nemo mai faɗi sai aka ƙara tsawo. Mu ma haka muke yi a takalmin yau da kullum, idan ya matse a ƙaro lamba, ba ma raba tsawo da faɗi.

Sai lambar nan da dattijuwa ta nuna min, ta taurin takalmi ce, fileks suke cewa. Na yara yana kamawa daga wajen 40 zuwa 70, na maza manya daga wajen 70 ko 80 har 130. Kuma yace lambar ba ma'auni ɗaya ba ce a duk kamfanoni, 80 ɗin wannan ba lallai ya zama 80 ɗin wancan ba, ga roba tana ƙara tauri a cikin sanyi, wanda ka ji da ɗan laushi a ɗumin shago zai fi haka ƙarfi a waje. Wasan gaba ɗaya da lanƙwasa idon sawu da tura gwiwa gaba ake yin sa. Yaro mai kilo 44 a takalmin da aka yi wa mai kilo 85 ba zai iya turawa ba, sai ya koma yana zama baya baya, katakon ya rinƙa gudu da shi, cinya ta ɗau wuta. Yarona yana jin haka ya ɗago yace eh haka nake ji, malamin yana ta ce min in yi gaba na kasa. Wato duk watannin nan yana ganin laifinsa ne.

Na mata ma ya duba mana, dan su wuyansu ya fi gajarta kuma sun fi laushi, yace yara maza da yawa masu irin wannan ƙafar da su ake rufa musu asiri, amma mafi yawa a 27.5 suke ƙarewa, dan haka mu bamu samu ba. Wanda ƙafar ɗansa bata kai ta nawa ba ya tuna da wannan, akwai baƙaƙe da babu mai gane na mata ne.

Ƙarshe guda uku ya fito da su, duk na maza masu koyo, yaron ya sa kowanne ya tsaya a ciki kusan minti 15 yana turawa gaba. Muka tsaya a kan mai faɗin 104, tauri 70, lamba 28.5. A tsaye yatsunsa suna ɗan shafar gaba, yana lanƙwasa gwiwa sai su ja baya, dunduniya kuma ta zauna daram. Amma aikin bai ƙare ba dan ƙwaurin siriri ne, ko an kai maɓallin sama ƙarshe akwai sarari. Sai ya kwance haƙoran da maɓallin yake kamawa ya matsar da su ramin ciki, ashe an bar ramuka dan haka, ya liƙa wani soso a harshen takalmin, ya sa ɗan tudu siriri a ƙarƙashin dunduniya dan ƙafar ta ɗan ɗago wuyan ya daina cin sha-raɓa, ya cire shimfiɗar da ta zo da shi ya sa wata mai tallafe tafin ƙafa. Ya ɗumama na cikin a wata na'ura ya sa masa ya tsaya har ya huce. Wajen ƙaramin yatsan dama yace in ya dame shi mu dawo, ana gasa robar a ɗan tura ta waje, yace buɗa takalmi abu ne mai sauƙi, rage wanda ya yi yawa ne ba ya yiwuwa. Kusan awa biyu muka yi a shagon.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk uwa ko uba su riƙe, dan shi ya shafi karaya. Maƙalin da yake kama takalmi a kan katakon siki an yi shi ne ya saki idan mutum ya faɗi. Tafin takalmin yara da na manya ba kauri ɗaya ba ne, akwai kuma sabon samfurin tafi mai roba da ake ce wa GripWalk, dan haka ba kowane takalmi ne yake zama a kowane maƙali ba. Dole a kai takalmin da katakon tare a saita. Ana lissafin ne da nauyin yaro da tsayinsa da shekarunsa da iyawarsa da tsawon tafin takalmin, wanda yake rubuce a gefen dunduniya, namu 325 milimita. Tunda shi mara nauyi ne ga dogon tafi, lambarsa ta fito ƙasa sosai, wajen 3, alhali wasu maƙalan manya daga 4 suke farawa. Da na ɗauko masa katakon gwanjo na manya na haɗa da kaina, zai iya faɗuwa abun ya ƙi saki. Dattijon ya nemo wanda yake karɓar tafin manya kuma yake sauka ƙasa, muka yi hayar katakon na hunturu guda, takalmin kuma muka saya. Kuɗi ne gaskiya, sai da muka ɗage wasu buƙatun watan, amma ban taɓa jin ciwon su ba.

Yace kafin tafiyar ya rinƙa sawa a gida minti 20 kullum. Haka aka yi, yana karatun Alƙur'ani da yamma da takalmin siki a ƙafa, ƙanwarsa tana zagaya shi tana ƙwanƙwasawa. Ya koya masa kuma da dare ya zare na cikin ya bushe a ɗaki amma ba a kan hita ba, ya rufe maɓallan sama-sama dan kar robar ta buɗe, kuma kar ya bar shi ya kwana a sanyi dan da safe ba zai shigu ba. A hutun Disamba Abbansu ya kai shi Axamer Lizum, wani wurin wasan siki kusa da gari, sau biyu gwaji, ƙaramin yatsan ya ɗan yi ja, muka koma aka buɗa wurin, ko kwabo bai karɓa ba.

Ranar Litinin ɗin tafiyar na raka shi wajen bas, na yi masa addu'a na tofa masa, na dawo gida na kasa cin abinci. Ba a barinsu da waya sai awa ɗaya da yamma. Ranar farko ya kira, ban ma bari ya gama sallama ba nace ƙafar fa? Yace Umma lafiya lau, nace ka faɗa min gaskiya kar ka yi min irin na bara, yace wallahi har mantawa nake da ita. Ranar Laraba yace an ɗaga shi daga rukunin masu koyo zuwa na gaba. Ranar Juma'a da suka dawo, tun kafin ya ajiye jaka na zaunar da shi a kujera na cire safar da hannuna na duba yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, na duba dunduniya, na danna ƙwauri. Babu komai. Na shiga ɗaki na yi sujadar godiya ina hawaye.

A hutun Fabrairu ya dage sai na je na gan shi. Ni ban taɓa hawa ba, muka shiga motar igiya mai hawa dutsen Patscherkofel ina riƙe da hannun ƙanwarsa ina ta salati har muka kai. Na tsaya a gefen shinge cikin sanyi, can sai ga shi ya gangaro yana karkata dama da hagu, gwiwa a gaba yanda dattijon ya kwatanta, ya zo dab da ni ya ja birki ƙanƙara ta watso min a zani, yana dariya.

Hunturu biyu takalmin ya yi masa. Kowane Oktoba muna komawa a zare na ciki a haska bayan dunduniya, a sake saita maƙali tunda nauyi yana ƙaruwa. A awon ƙarshe yatsa ɗaya ma da ƙyar ya shiga, ƙafar ta kai 29, shi kuma ya yi jiki ya kai kilo 56, dan haka wannan karon mai tauri 90 aka ba shi. Tsohon na wanke shi na sa a Willhaben, na rubuta tsawo da faɗi da tauri da milimitar tafi duka, kuma matar da ta zo ɗauka sai da na sa ta dawo da ɗanta muka zare na cikin muka auna a falo kafin na karɓi kuɗinta.